Mu Riƙi Littafin Kyauta Kamar Saniyar Haɓɓanaye

Muna yi muku barka da saukowa daga arewa, da fatan dukiya ta sha gishiri ta ƙoshi da ɗanyar ciyawa.

Ga watan Oktoba ya kama, an buɗe lakwal. Kamar yadda aka saba, yanzu ne za mu fara ganin fararen motocin ƙungiyoyin agaji suna keta daji ɗauke da kwalayen kaya: littattafai, da kaye, da bik, da alli, da allo, wani sa'in har da tebura da tanti. A tara yara a jera su, a kira arɗo da mai gari, a ɗauki hoto, a yi godiya, mota ta juya. Ba mu raina ba. Yaba kyauta tukuici, kuma duk wanda ya tuna da ɗan makiyayi a wannan zamani ya cancanci addu'a. Amma akwai tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu, tun da ba mai yi mana ita: bayan ƙurar mota ta kwanta, ina kayan nan suke shiga? Yara nawa ne suka iya karatu ta dalilinsu?

Abin da ido ya gani

A rangadin da muka yi bara da rani mun sauka a makarantu biyu na 'ya'yan makiyaya, kowace a bakin rijiya, tsakaninsu bai wuce yinin raƙumi ba. Ba za mu kira suna ba, domin ba tonon silili ya kawo mu ba.

A ta farko akwai gini na siminti, aji biyu da ɗakin ajiya. Darakta ya buɗe mana ɗakin ajiyar, sai ga kwalaye jibge har kusa da rufi, wasu ko igiyarsu ba a kwance ba, alhali kuwa sun shekara biyu a nan. Da muka ɗaga na ƙasa sai muka tarar gara ta riga yara karantawa. Waɗanda suka tsira muka duba: tsofaffin littattafan makarantun Turai ne, cikin Faransanci mai zurfi, da hotunan ƙanƙara da jiragen ƙasa. A cikin aji kuwa yara suna zaune suna maimaita abin da malam ya faɗa, ba ko ɗaya mai takarda a hannu. Muka ce wa darakta, don me ba a raba musu ba? Ya ce: “An ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, na sa hannu. In ɗaya ya ɓace ko ya yage, ni sufeto zai tambaya. 'Ya'yanku kuma da bazara ta yi tsanani sai a wayi gari ruga ta tashi, ko sallama babu.” Ba mu iya ce masa ƙarya yake yi ba.

Ta biyu ko gini ba ta da shi, rumfa ce a gindin aduwa. Kyautar da ta samu ba ta kai rabin ta waccan ba: akwatin ƙarfe ɗaya, da tabarmi, da alluna, da 'yan fitilu masu aiki da hasken rana, da ƙananan littattafan labari cikin Hausa da Fulfulde, da kaɗan cikin Faransanci mai sauƙi. Malamin ɗan ruga ne, ya san tatsa, ya san jan wasaki. Mabuɗin akwatin ba ya hannunsa, yana wuyan wata dattijuwa da iyaye suka zaɓa. Duk yaron da ke son littafi a rubuta sunansa a kaye, ya tafi da shi gida kwana bakwai. Littattafan sun yi dauɗa, suna warin hayaƙi da man shanu, wasu an ɗinke bayansu da zaren ɗinkin ƙwarya. Da dare muka ji wata yarinya da ba ta wuce shekara 10 ba tana karanta wa uwarta da maƙwabta tatsuniyar kura a gaban fitila, matan suna katse ta suna cewa, “A'a, mu ba haka aka ba mu ita ba.” Ta nuna musu layin da yatsa, ta ce to ga shi nan a rubuce. Gardama ta kaure, aka yi ta dariya. Wanta mai kiwon maruƙa, wanda ubansa ya hana shiga lakwal, yana tsugune a bayanta yana leƙen takardar.

Mun kwana muna auna makarantun nan biyu. Wadda aka fi kashe wa kuɗi ita ce yaranta ba su taɓa riƙe littafi ba.

Al'adar da muka gada

Jama'a, wannan matsala ba baƙuwa ba ce a wurinmu, kuma maganinta yana cikin al'adarmu. Kowane makiyayi ya san haɓɓanaye. In ɗan uwa ya rasa dukiya, ko fari ya cinye masa garke kamar yadda ya faru ga dubbanmu a 1973 da 1984, sai ka kama karsana ka ɗaure masa. Ya yi kiwonta, ya sha nononta, ta haifa masa sau biyu ko uku gwargwadon al'adar wuri, maruƙan nasa ne, sa'an nan ya maido maka da uwar. Ba a sayar da saniyar haɓɓanaye, ba a yanka ta, ba a wulakanta ta. Amma kuma ba wanda ya taɓa kulle ta a ɗaki don tsoron kada ƙaya ta soke ta. Wanda ya maido da karsana bayan shekara biyar fes da ita, ba ko maraƙi ɗaya, ai ba a ce ya riƙe amana ba, an ce ya ɓata wa mai kyauta niyyarsa.

To, haka littafi yake. Haihuwarsa ita ce yaro ya iya karatu. Littafin da ya yage a hannun yara ashirin ya biya bukatar wanda ya ba da shi. Wanda gara ta ci a cikin kwali, shi ne asara. Muddin masu kyauta suna auna aikinsu da yawan kwalayen da suka sauke, malamai kuma suna auna amanarsu da yawan littattafan da ba su ɓace ba, za a ci gaba da ɗaukar hoto kowace shekara, yaranmu kuwa suna nan inda suke.

Irin kayan da ke haihuwa

Ba kowace saniya ke rayuwa a kowace ƙasa ba. Mun ga shanun Turai da aka kawo Sahel da kuɗi masu yawa, rani ɗaya ya gama da su. Kayan makaranta ma akwai waɗanda ƙasarmu ke karɓa.

Na farko harshe. Yaron da ya tashi da Fulfulde ko Tamashek, ya tsinci Hausa a bakin rijiya da kasuwa, in aka miƙa masa littafin Faransanci ranar da ya fara shiga aji, an ɗora masa kaya biyu a lokaci ɗaya: koyon haruffa da koyon baƙon harshe. Da yawa a nan suke zubar da kayan su koma bayan shanu. Ba kuwa rashin hanyar rubuta harsunanmu ba ne. Tun 1966, a taron Bamako, aka daidaita haruffan boko na Hausa, da Fulfulde, da Tamashek, da Barbarci, da Zabarmanci. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda yara ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci, daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa sauran harsunan nan. Ba muna cewa a bar Faransanci ba, ɗanmu yana bukatarsa a ofis da asibiti. Cewa muke a bar maraƙi ya sha nonon uwarsa tukuna, ciyawa tana nan tana jiransa. Kada kuma a manta iyaye da yawa suna karanta ajami, matan Abzinawa kuma suna koya wa 'ya'yansu tifinar a kan rairayi. Littafin da uba ko uwa za su iya sa baki a cikinsa ya fi daɗewa a ruga.

Na biyu abin da ke cikin littafin. Me ya sa har yau ake karanta Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta aka buga a Zariya wajen ƙarshen shekarun 1930? Domin mai karatu yana ganin sarki da waziri, da ɓarawo da alƙali, da kasuwa irin wadda ya sani, ga dariya, ga son jin yadda za ta ƙare. Yaro ba ya son karatu don an ce masa yana da amfani. Yana sonsa ne don ya ƙosa ya ji abin da ya sami kura. Mu ma muna da abin rubutawa. A 1961 Amadu Hampate Ba ya fitar da Kumen, wanda ya ƙunshi tsohon ilimin makiyayan Fulani game da saniya da daji. Amma an yi shi ne don masana, bai sauko ruga ba. Ina ƙaramin littafin da zai nuna wa ɗan Abalak saniyar Kuri mai kaurin ƙaho tana iyo a Tafkin Cadi, ya nuna wa ɗan Difa saniyar Azawak mai yawan nono? Ina wanda ya tattara sunayen launin shanu, da sunayen ciyayi, da taurarin da muke bi da dare, da kirarin bijimai, da tatsuniyoyin kakanninmu? Yaron da ya ga ilimin ubansa a cikin takarda ba zai raina uban ba, ba kuma zai ji tsoron takardar ba.

Na uku wurin zama da haske. Ba ma ƙin gini. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da gobara ta tashi a azuzuwan zana a Yamai cikin Afrilu ta kashe yara wajen 20, ta sake tashi a Maraɗi cikin Nuwamba ta kashe fiye da 20. Inda mutane suke zaune dindindin, a gina musu aji mai ƙwari. Amma a wurin da ruga ke yin wata huɗu ta tashi, ginin siminti garken awaki yake zama. Can abin da ake bukata shi ne abin da jaki zai iya ɗauka: akwatin ƙarfe da gara da ɓera ba sa shiga, da tabarma, da allo mai naɗewa, da tanti mai ƙofa ta kowane gefe. Sa'an nan fitila. Ɗan birni yana karatu da rana. Ɗan makiyayi da safe yana tatsa, da hantsi yana bakin rijiya, da yamma yana ɗaure maruƙa a dangwali. Lokacin da ya rage masa shi ne bayan isha'i. Saboda haka fitila ɗaya mai aiki da rana ta fi masa tebur goma.

Wasu sun riga mu

Kada a ce mafarki muke yi. A Kenya, a 1996, hukumar ɗakunan karatu ta ƙasar ta fara aika raƙuma daga garin Garisa zuwa ga makiyayan Somali, wani ɗauke da akwatunan littattafai, wani da tanti. A sauka a shimfiɗa tabarma, yara su ari littafi, bayan mako biyu ayari ya dawo su canza. A Iran, tun shekarun 1950, wani ɗan makiyayan Ƙashƙai mai suna Muhammad Bahmanbegi ya kafa makarantun fararen tantuna masu bin ƙaura, ya kuma dage cewa malaman su fito daga cikin makiyayan kansu. A Nijeriya an kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989, hedkwatarta a Kaduna, ta yi azuzuwa masu naɗewa, ta buga littattafai da Fulfulde, ta kuma yi shirin rediyo don makiyaya.

Ba sai mun je nesa ba ma. Nana Asma'u 'yar Shehu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta rubuta waƙoƙin koyarwa da Fulfulde da Hausa da Larabci, ta naɗa jajoji mata suna kai su ƙauye-ƙauye ga matan da ba za su iya barin gidajensu ba. Ba ta jira ɗalibi ya zo inda takarda take ba, takardar ta aika masa. Abin da muke roƙo ke nan a yau.

Namu laifin

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba duk laifin ke kan masu kyauta da malamai ba. Mun ga tantin makaranta ya koma masaukin baƙin arɗo. Mun ga fitilar yara a hannun uba yana cajin waya, mun gan ta ma a kasuwa an kasa. Mun sayi tsire an ƙunshe mana shi da shafin littafin lissafi. Mun tashi da ruga ba mu gaya wa malam inda muka nufa ba, sa'an nan muka ce lakwal ba ta da amfani. Wanda ya yi wa saniyar haɓɓanaye irin wannan, ba mai sake ɗaure masa ko akuya.

Mun san abin da wasu dattawanmu ke cewa, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa ciki da yunwa ba ya karatu, a fara ba mu rijiya da abincin makaranta. Gaskiya ne, makarantar makiyaya da ba ta da tukunya ba ta riƙe yaro idan ruga ta yi nisa. Suna kuma cewa boko yana ɗauke yaro, ya dawo ba ya iya kiwo, ba ya da aikin ofis, ya zama jemage. Wannan ma mun gani da idonmu. Amma a duba da kyau, wace irin makaranta ce ta yi haka? Ita ce wadda ta raba yaro da harshensa, ta ba shi littafin da babu saniya a cikinsa, ta koya masa cewa rayuwar ubansa jahilci ce. Yarinyar nan ta gindin aduwa da safe ta tatsi shanu, da dare ta karanta littafi, ba ɗayan da ya hana ɗaya.

Mu kuma duba abin da rashin karatu ke ci mana. Tun 1961 akwai dokar da ta shata iyakar noma ta arewa a Nijar. A 1993 aka yi dokar karkara, a 2010 aka yi dokar kiwo wadda ta amince cewa ƙaura haƙƙin makiyayi ne. Mu nawa muka taɓa karanta ko layi ɗaya a cikinsu? Idan aka kama shanu aka ce sun yi ɓarna, ana karanta mana takarda mu dangwala yatsa mu biya. Idan aka noma burtali, ba mu da mai rubuta ƙara. Muna sayen maganin sammore da na hanta a kasuwa ba mu iya duba ranar lalacewarsa ko adadin da za a ba dabba. Falke yana karɓar rasidin kara da takardar ƙetare iyaka bai san abin da aka rubuta ba, kuɗinsa ya shigo ta waya sai ya nemi yaron wani ya duba masa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sa ne ke fita daga garke ba a yi cinikinsa ba. Kuma yaron da zai karanta doka gobe, da tatsuniyar kura yake farawa yau.

Shawararmu

Ga masu kyauta, muna godiya, muna kuma roƙo:

1. Kafin a loda mota a zo a zauna da iyaye da malam. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
2. Kuɗin da ake kashewa wajen jigilar tsofaffin littattafai daga Turai, a sayi na harsunanmu da su, ko a biya marubutanmu da masu zanenmu su yi sababbi.
3. A rubuta wa darakta a takarda cewa littafin da ya yage a hannun yaro ba bashi ba ne a kansa.
4. In za a dawo bayan shekara, kada a ƙirga kwalaye. A kira yaro a miƙa masa littafi a ji.

Ga 'yan uwa makiyaya:

1. Kowace makaranta ta sami mai riƙon mabuɗi daga cikin iyaye, mace in da hali, domin mata sun fi mu sanin inda kowane yaro ya kwana.
2. In ruga za ta tashi a sanar da malam, a ari littattafai da fitila a tafi da su, a maido idan an dawo.
3. Wanda ya sayar da kayan makaranta a kai maganarsa gaban arɗo, kamar wanda ya sayar da saniyar amana.
4. Tsofaffi su zauna da malam da manyan ɗalibai, a rubuta tatsuniyoyi da sunayen ciyayi da tarihin rijiyoyi a kaye. Wannan littafi ba mota da za ta kawo mana shi.

Ga fatake da dillalai kuwa, maganarmu da ku ta fi nauyi. Kayan aro ba ya rufe katara. Yau ƙungiyar agaji tana nan, gobe aikinta ya ƙare ta naɗe tabarma. Ku ne kuke kara kowane mako, a Abalak, a Dakwaro, a Tanut, har Maigatari da Mai'aduwa da Illela. Dukiyar da kuke juyawa daga hannun iyayen yaran nan ta fito. Idan 'yan kowace kara suka yarda a tsakaninsu suka ware ɗan abu kaɗan daga la'adar kowane sa, ko suka ba da ɗan bijimi ɗaya a shekara, ya isa a sayi akwatin ƙarfe a cika shi da littattafai da fitilu a ɗaure wa makaranta ɗaya. Bayan shekara biyu ko uku, idan yaranta sun karance shi, a ɗauke a kai wa ta gaba, a kawo musu wani. Motocinku suna dawowa daga kudu ba kowa a ciki sai dusa da gishiri, akwati ɗaya ba zai yi musu nauyi ba.

Muna kira ga kowane reshe na ƙungiya ya sa wannan magana a taronsa na gaba, kafin a saki gonaki hankali ya koma wani wuri. A je makarantar da ta fi kusa, a roƙi darakta cikin mutunci ya buɗe ɗakin ajiya, a ga abin da ke ciki. Abin da ya dace da yara a fito da shi a ranar. Reshen da ya yi haka ya rubuto mana abin da ya tarar, za mu buga.

Allah ya raya mana zuriya, ya tsare dukiya daga ciwo da ɓarayi, ya ba mu rani mai sauƙi. Amin.